Tambaya da Amsa: Shin mu kafa uwar garken imel a ofishinmu?

Assalamu alaikum, Malam. Muna sana'ar fitar da riɗi da ƙaro daga Gadarif zuwa Bur Sudan, kuma mu takwas ne a ofis, dukkanmu muna aiki da akwatin imel guda wanda wani kamfani a Turai yake riƙe mana. Idan takardar kwastan ko ta jirgin ruwa ta iso, sai akawunmu ya zauna yana kallon alamar nan tana ta juyawa har shayinsa ya huce. An ba mu shawarar mu ajiye kwamfuta guda a ofis ta riƙa tara mana saƙonnin. Shin hakan zai yi magani? Daga mai karatu a Gadarif.

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Shawarar da aka ba ku tana kan hanya, amma ya kamata a fara gane inda ciwon yake. Akasarin akwatunan kamfanoni suna aiki ne da tsarin IMAP, wanda yake barin saƙonni a can wurin mai masaukin, wato kamfanin da yake riƙe muku akwatin, ta yadda duk lokacin da ma'aikaci ya buɗe saƙo ko ya nemi wata tsohuwar wasiƙa, dole kwamfutarsa ta aika tambaya har Turai ta jira amsa. Ƙari a kan haka, takardar da aka maƙala wa imel tana kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku saboda yadda ake mayar da ita rubutu kafin a aika, don haka fayil mai megabait 10 yakan zama kusan 13. Idan mutum takwas suka buɗe shi kowa a kan na'urarsa, kun ja fiye da megabait 100 ta layi guda a kan takarda ɗaya tak.

Kafin ku kashe ko fam ɗaya, ku shiga saitin manhajar da kuke karanta imel da ita, kamar Thunderbird ko Outlook, ku umarce shi ya ajiye kwafin dukkan saƙonni a kan kowace kwamfuta. Wannan kaɗai yakan wadatar da ofishi mai mutum biyu ko uku. A naku yanayin ba zai hana saukewa sau takwas ba.

Saboda haka ina goyon bayan ku kafa uwar garken, wato kwamfutar da za ta riƙa tara muku saƙonnin a ofis, bisa sharaɗin ta tsaya a matsayin rumbun kusa da gida, asalin kayan kuma ya ci gaba da zama a wurin mai masaukinku. Ƙaramar kwamfuta mai babbar manhajar Linux, kamar Debian ko Ubuntu, ta isa. A kanta ake ɗora manhajar mbsync, wanda zai riƙa leƙa akwatinku na Turai bayan kowane 'yan mintuna ya kwaso abin da ya shigo sau ɗaya, sannan manhajar Dovecot, wanda Timo Sirainen na ƙasar Finland ya fitar a 2002, ya rarraba wa kwamfutocin ofis ta layin sadarwa na cikin ofis. Abin da ya sa na fifita mbsync shi ne yana daidaita ɓangarorin biyu: idan akawu ya karanta saƙo ko ya mayar da shi wata jaka, can ma za a gani, har a wayarku idan kuna tashar jiragen ruwa. Wasu za su kawo muku manhajar fetchmail da tsarin POP3, wata hanyar kwaso saƙonni dabam da IMAP, to ku yi hattara, domin idan ba a umarce shi ya bar kwafi ba, yana goge saƙon daga asalinsa da zarar ya sauke. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mun ga yadda 'yan kasuwa a Sudan suka bar ofisoshinsu da abin da ke ciki ba shiri, kuma wanda wasiƙunsa na shekaru suke cikin kwamfuta ɗaya a ƙarƙashin tebur ya yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

Wajen aikawa kuma, kada ku yarda uwar garkenku ta riƙa tura saƙo kai tsaye zuwa ga abokan cinikinku. Manyan masu karɓar imel suna duba shaidun SPF da DKIM, waɗanda suke tabbatar da cewa saƙo ya fito ne daga inda yake iƙirari, kuma tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan bincike, don haka saƙon da ya fito daga layin ofis zai iya faɗawa cikin jakar tarkacen saƙonni, ko a ƙi karɓarsa gaba ɗaya. A saita Postfix, manhajar aika imel, ya karɓi saƙon ma'aikaci nan take, ya miƙa wa mai masaukinku ta ƙofa mai lamba 587 da kalmar sirrinku. Idan intanet ya yanke, zai riƙe saƙon a layi yana ta gwadawa har kwana 5 bisa saitinsa na asali, ana iya kuma ƙara wa'adin. Amma ku sanar da ma'aikata cewa bayyanar saƙo a jakar waɗanda aka aika ba ta nufin ya bar Gadarif, musamman idan farashi ne mai wa'adi.

Akwai tambaya guda da za ku yi wa mai masaukinku tun da wuri, wato ko yana barin a shiga IMAP da kalmar sirri kawai. Microsoft ya rufe wannan hanya a Exchange Online, masaukinsa na imel, daga Oktoban 2022, sai ta tsarin tantance mai shiga da ake kira OAuth2, wanda yake buƙatar ƙarin aiki daga mai haɗa muku na'urar.

Ku haɗa uwar garken da rautar, wato na'urar da take rarraba intanet a ofis, a kan batiri ko sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata abin da ke cikin faifan ajiya. Ku sa a kulle faifan da kalmar sirri tun ranar da ake ɗora Linux ɗin. Saukewar farko za ta yi nauyi idan akwatin ya daɗe, don haka ku fara ta ranar Alhamis da yamma bayan an tashi, ku bar ta ta kwana tana aiki har Asabar.