Filin Likita: Daga ina jinin tayi yake fitowa kafin ƙashinsa ya yi ɓargo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma. An koya mana cewa a cikin ɓargo ake yin jini, amma kuma an ce zuciyar tayi tana fara bugawa tun kafin ya yi ƙashi ko ɗaya. To, daga ina jinin da take harbawa yake fitowa, kuma yaya aikin yake komawa ɓargo daga baya? Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta faranta mini rai, domin ta nuna kina auna abin da aka koya miki kafin ki haddace shi. Duk ƙwayoyin jini, jajaye da farare da masu tsayar da zubar jini, daga wasu ƙwayoyi ƙalilan suke fitowa, waɗanda za mu kira iyayen jini. Uwar jini tana iya rabuwa ta haifi irinta, kuma tana iya haifar zuriyar da za ta zama kowane nau'in jini. Ernest McCulloch da James Till ne suka nuna samuwarsu a Toronto ta Kanada a 1961, bayan sun zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka lalata nasu da hasken radiyeshan.

Kafin in ci gaba, ki lura cewa makonnin da zan ambata ana ƙirga su ne daga ranar da ciki ya shiga, alhali ku a asibiti daga jinin al'ada na ƙarshe kuke ƙirgawa, wanda yake ƙara kimanin mako 2.

Jinin farko ba a jikin tayin ake yin sa ba. A mako na 3 ake fara yin sa a wata 'yar jaka da ke maƙale da shi, wadda ake kira jakar gwaiduwa. Jini ne na wucin gadi, manyan jajayen ƙwayoyi masu kai iskar oksijin, kuma shi ne zuciyar take fara harbawa. Iyayen jini na haƙiƙa, waɗanda za su raka mutum har tsufansa, suna ɓullowa ne wajen mako na 5, daga bangon babbar jijiyar da take fita daga zuciya ta bi ta bayan ciki. An daɗe ana zaton daga jakar gwaiduwa suke, sai a 1975 Françoise Dieterlen-Lièvre a Faransa ta ɗora tayin salwa a kan gwaiduwar ƙwan kaza, ta ga cewa jinin da ya ɗore na salwa ne, wato daga jikin tayin ya fito. Wasu daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar ne suke kumbura, su ɓalle, su faɗa cikin jini, kuma an gano cewa gogar da jini yake yi wa bangon yayin gudu tana cikin abubuwan da suke zaburar da su. Wato bugun zuciya da kansa yana taimakawa wajen haihuwar iyayen jini.

Daga nan sai hanta. Manomin albasa ya san cewa ba a gona ake fara zuba iri ba, sai an rene shi a wani ɗan fili ya yi ƙarfi, sannan a dasa. Hantar tayi ita ce wurin renon nan. Daga wajen mako na 6 iyayen jini suna sauka a cikinta, suna rabuwa ba ƙaƙƙautawa har adadinsu ya ninka sau da yawa, kuma ita ce babbar ma'aikatar jini a tsakiyar zaman ciki, saifa tana ɗan tallafa mata.

A farkon wannan lokaci mafi yawan ƙasusuwan tayi guringuntsi ne zalla, babu rami a cikinsu. Sai jijiyoyin jini sun huda guringuntsin, an cinye tsakiyarsa, ƙwayoyin gina ƙashi da na tallafi sun shiga sun zauna, sannan ake samun wurin da baƙo zai sauka. Wajen mako na 11 ake fara ganin aikin jini a dogayen ƙasusuwa, a watanni ukun ƙarshe ɓargo ya karɓi ragamar, kuma bayan haihuwa hanta ta ajiye aikin.

A nan ne nake so ki tsaya, domin shi ne zuciyar maganar. Uwar jini ba ita kaɗai take yanke wa kanta hukunci ba, wurin da take zaune ne yake faɗa mata ko ta rabu ko ta huta. Ray Schofield ne ya kawo wannan ra'ayi a Mancesta ta Ingila a 1978, kuma kalmar da ta fi dacewa da shi a Hausa ita ce gurbi. Gurbin ya ƙunshi ƙwayoyin bangon ƙananan jijiyoyi da ƙwayoyin tallafi da ke lulluɓe da su. Su ne suke fitar da wani furotin mai suna CXCL12, wanda uwar jini take ji da wani makarɓi a fatarta mai suna CXCR4, ta bi shi kamar yadda ake bin ƙanshi har ta shiga ɓargo, kuma shi ne yake riƙe ta a can. A 1996 masu bincike a Jafan, ciki har da Takashi Nagasawa, sun samar da ɓerayen da ba sa yin CXCL12, sai aka ga tayinsu yana yin mafi yawan jininsa a hanta, amma ɓargonsa ya zauna kusan fayau. Akwai kuma furotin SCF, wanda gurbin yake ciyar da ita da shi don kada ta mutu, da wani sinadari da hanta take aikowa ta cikin jini.

Bayan saukar, ɗabi'arta ma tana canzawa. A ɓeraye an auna cewa iyayen jini suna ci gaba da rabuwa har zuwa mako 3 bayan haihuwa, sannan cikin kimanin mako guda mafi yawansu su yi likimo, ba sa tashi sai an bukace su, misali bayan zubar jini ko kamuwa da cuta. Wannan hutu kariya ne, domin duk rabuwa tana iya zuwa da kuskure a gadon halitta, kuma ƙwayar da za ta yi aikin shekara 80 ba ta bukatar a gajiyar da ita tun da wuri. Sai dai ki riƙe cewa mafi yawan waɗannan bayanai daga ɓera da kifi da ƙwan tsuntsu aka samo su, saboda haka ba kowane adadi ne za a ɗauko daga can a ɗora wa ɗan Adam kai tsaye ba.

TAMBAYA: Likita, an haifi ɗana lafiya lau, sai da ya kai wata 7 hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka gwada aka ce sikila ce. Idan gado ce, me ya sa ba ta bayyana tun ranar haihuwa ba? Daga wani magidanci a Zariya.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya, Malam, ya kuma ba ku juriya kai da mahaifiyarsa. Da ita aka haife shi, abin da ya ɓoye ta shi ne jinin tayi. Sinadarin da yake ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin tayi, wato HbF, ya bambanta da na babba, domin ya fi shi ƙarfin janyo oksijin daga jinin uwa, kuma ba ya shiga cikin dunƙulewar da take lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Jariri yana zuwa duniya da shi fiye da rabin abin da ke jininsa, sannan a watannin farko wani furotin mai suna BCL11A ya riƙa rufe hanyar yin sa, na babba ya maye gurbinsa. A wurin mai sikila, na babban ne yake da matsalar, shi ya sa alamu suke fara fitowa wajen wata 6, kuma kumburin hannu da ƙafa da ka gani yana cikin na farko-farko. Likitar yara Janet Watson ce ta lura da wannan a Amurka tun 1948.

Wannan ilimi ya zama magani. Maganin haidiroksiyuriya, wanda ake bayarwa a asibitocinmu, yana ƙara yawan HbF ya rage yawan tashin ciwo, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake ciro iyayen jinin majiyyaci, a rage ƙarfin BCL11A a cikinsu, a mayar masa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa. Dashen ɓargo kuwa an fara yin sa a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, kuma ya fi nasara idan ɓargon na ɗan'uwa ne da suka dace. Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne ku shigar da shi asibitin masu sikila, a ba shi rigakafinsa cikakke da maganin kariya daga cututtuka, ya riƙa kwana a gidan sauro, kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi ku kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Idan Allah ya ba ku wata haihuwar, ku nemi a gwada jaririn tun a makonnin farko, domin gwaji yana gane sikila tun HbF bai ragu ba.