Tambaya da Amsa: Daren Kiɗa da Majigi a Zauren Makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mahaifi ne, kuma 'yata tana aji biyu a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. Ta nemi izinina ta halarci wani taro na kwana uku da za a yi a babban zauren makarantarsu, inda ta ce za a baje zane-zane, a nuna fim, a kuma kawo makaɗa. Mahaifiyarta ta amince, amma ni hankalina ya ƙi kwanciya, domin karatu na tura ta yi, ba kallon kiɗa ba. Shin irin wannan taro yana da alaƙa da ilimi, ko kuwa sharholiya ce aka sa wa rigar mutunci? Daga wani mahaifi, unguwar Wunti, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun da fari ya kamata mu raba abubuwa biyu da ɗalibai kan kira da suna ɗaya. Akwai taron da ake yi a cikin zauren makaranta, wanda ba ya yiwuwa sai masu shirya shi sun rubuta wa sashen kula da harkokin ɗalibai takarda, an ba su zaure da rana, an sanar da jami'an tsaro, an kuma ƙayyade musu lokacin tashi. Akwai kuma fatin da wasu kan shirya a otal ko a wani gida a bayan makaranta, su liƙa sunan makarantar a takardar gayyata alhali hukumarta ba ta san da zancen ba. Tsoron da ke ranka yawanci na biyun ya dace da shi. Saboda haka ka tambayi 'yarka wace ƙungiya ko wane sashe ne ya shirya, a wane zaure, kuma ƙarfe nawa za a tashi. Idan amsa ta fito ba tare da kame-kame ba, ka samu rabin natsuwar da kake nema. Sauran rabin yana ga hanyar dawowa, domin wanda ya tashi taro da daddare a makarantun da ke Yelwa ko Gwallameji yana iya samun Keke Napep zuwa cikin gari, amma wanda yake harabar jami'a ta Gubi, can bayan gari, dole ya san abin da zai hawo tun kafin ya fita.

Batun alaƙarsa da ilimi kuwa, ba sai mun yi nisa ba. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda jami'ar tarayya ta garin nan take ɗauke da sunansa tun 1988, malamin makaranta ne da ya rubuta ƙagaggen labari, Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim da harshen Hausa, daga baya aka gyara tsohon faifan har aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a Jamus a 2018. Ɗalibai nawa ne suke wucewa ta gaban kabarin marubucin a kullum ba su taɓa ganin wannan fim ba? Idan ba a zauren makaranta aka nuna musu shi ba, a ina za su gan shi, tunda gidajen silima da muka sani a da mafi yawansu sun rufe? Haka nan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, kuma ba don ya zauna a aji ta ba shi ba, sai don malaman harshe sun gane cewa Hausar da ke cikin waƙoƙinsa abin nazari ce. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗalibai 'yan ƙalilan, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejinsu, suka ƙi yarda a ce zanen Turai kaɗai ne zane, kuma daga wannan zama nasu ne fasahar zane ta zamani a Nijeriya ta sami alƙibla.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. An taɓa gayyatata zuwa rufe makon al'adu a wata makaranta a nan Bauchi. A bakin ƙofa an jera hotuna a kan allunan aji da aka jingina da bango, kuma wanda ya tsayar da ni shi ne na wata tsohuwa mai tallar fura, wanda wani ɗalibin injiniya ya zana da gawayi a bayan kwalin taliya, har ana ganin tsagewar ƙwaryarta da ɗinkin da aka yi mata. A ciki kuwa, ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, injin ma ya ƙi tashi. Mawaƙan zamani biyu da suka zo da kiɗansu a filashi suka koma gefe suka zauna, domin ba su da abin yi. Sai wani dattijo mai kukuma, wanda aka ajiye a ƙarshen jadawali kamar cikon benci, ya ja kujerarsa zuwa bakin dandamali ya ci gaba da gogawa ba lasifika. Ɗalibai suka kunna fitilun wayoyinsu, hayaniya ta mutu, har na baya suna tsawata wa masu tari. Wata yarinya da ke kusa da ni ta tambayi ƙawarta sunan abin da yake kaɗawa, ita ma ba ta sani ba, sai ni na faɗa musu.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowane taro ne yake haka ba. Wasu ƙara ce kawai: a ɗauko mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki a kan kiɗan da aka naɗa, a yi ta liƙi, a tashi ba wanda ya ƙaru da komai sai mai hayar lasifika. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a kashe kuɗin ɗalibai wajen ɗauko baƙo daga nesa, alhali masu algaita da kalangu da sarewar Fulani suna nan kewaye da mu, ga kuma raye-rayen Jarawa da Sayawa da Gerawa da ɗaliban kansu suka iya. Amma wannan laifin masu shiryawa ne, kuma ana gane shi daga jadawali. Shawarata ita ce ka bar ta ta je baje kolin zane da kallon fim, waɗanda galibi da rana ko da yamma ake yi, daren kiɗan kuma ka haɗa ta da yayanta, ko ma ka je da kanka, domin irin waɗannan tarurruka sukan keɓe kujerun gaba ga iyaye da malamai. Sharaɗi ɗaya zan ƙara maka: idan taron ya faɗo a makon da ke gab da jarrabawa, to kai ne da gaskiya.

TAMBAYA: Malam, mu ɗalibai ne a Gombe, muna so mu riƙa nuna fim sau ɗaya a wata a ɗakin lacca, mu karɓi ɗan kuɗin ƙofa domin man inji. Fina-finan muna da su a kwamfuta. Akwai matsala? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Akwai, 'yata, amma mai sauƙin gyara ce. Mallakar fim a kwamfutarki bai ba ki ikon tara jama'a ki nuna musu shi ba, domin a dokar haƙƙin mallaka nuna fim a bainar jama'a haƙƙin mai fim ne. Dokar ta yi sassauci ga abin da malami ya nuna domin koyarwa, amma da zarar an ajiye mai karɓar kuɗi a ƙofa, zance ya sauya. Sannan Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ce take tantance fim da shekarun waɗanda suka cancanci kallonsa, saboda haka ku zaɓi wanda ya bi ta hannunta.

Hanya mafi kusa ita ce ku sami malami ɗaya ya zama uban ƙungiya, ku yi rajista da makaranta, sannan ku rubuta wa furodusan fim ɗin takardar neman izini da sa hannun malamin. Ku tuntuɓi kuma ɗaliban Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, waɗanda suke da gajerun fina-finai na aikin makaranta kuma masu kallo suke nema. Maimakon kuɗin ƙofa, 'yan ƙungiya su yi karo-karon mai tun farkon zango.

Game da ɗakin kansa, ku fi kula da sauti a kan hoto, domin ɗakin lacca yana da amsa-kuwwa, kuma mutum yana jure hoto dishi-dishi amma ba ya jure maganar da ba ya ji. Ku gwada lasifika da majigin kwana guda kafin ranar, ku rufe tagogin yamma da baƙin yadi, ku kuma lissafa tsawon fim ɗin yadda zai ƙare kafin kiran Magariba, tare da barin minti ashirin na tattaunawa, kafin 'yan jeka-ka-dawo su fara miƙewa neman abin hawa.