Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar da Ke Tare Mota Idan Za Ta Ƙwace

Assalamu alaikum. Zan sayi mota 'yar Kwatano, na tsaya tsakanin Camry biyu, ɗaya 2008 ɗaya 2010. Dillalin ya ce ta 2010 tana da VSC, wai shi ke hana mota ƙwacewa, ya kuma ɗora mata kuɗi. Gaskiya ne, ko daɗin bakin dillalai ne? — Malamin makaranta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan karon dillali bai yi maka ƙarya ba, ya dai ƙara gishiri. Abin yana taimako ƙwarai, amma kalmar "hanawa" ta yi masa girma.

Sunan da aka fi sani shi ne ESC. Toyota na ce masa VSC, Honda VSA, Mercedes da Peugeot ESP, BMW DSC, Nissan VDC. Duk kanwar ja ce. Akwai sensa a kowace ƙafar mota da ke ƙirga gudun tayar, wadda dama ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ke aiki da ita. Akwai wata a jikin sitiyari da ke lura da inda ka murɗa, sai wata a tsakiyar mota da ke jin yadda jikin motar ke juyawa da yadda ake fizgarta gefe. Kwamfutar tana gwama inda direba ya nufa da inda motar ta dosa, wajen sau 25 a daƙiƙa guda.

A ce kana kan hanyar Kano da gudu ɗari, akuya ta faɗo titi. Ka fizgi sitiyari hagu, ka dawo da shi dama da ƙarfi. A wannan dawowar ce bayan mota ke zamewa, ta yi katantanwa, wani lokaci ta sauka daga kwalta ta yi adungure. Kai birki ɗaya gare ka, idan ka taka ya kama ƙafa huɗu. Ita na'urar tana iya kama ƙafa ɗaya tak. Ka taɓa ganin kurar ɗan garuwa ta ci karo da dutse da taya ɗaya? Nan take take karkata wajen dutsen. To da haka ake juyo da mota. Idan baya ne ke fita, sai ta danne tayar gaba ta wajen kwana. Idan gaba ne ya ƙi shan kwana, motar na tafiya sambal duk da ka murɗa, sai ta danne tayar baya ta cikin kwana. Tana kuma rage wa inji ƙarfi ko da ƙafarka na kan totur. Kafin ka gama salati an gama.

Kamfanin Bosch da Mercedes ne suka fito da shi a Jamus a 1995, a cikin S 600, motar manya. Abin da ya sauko da shi ga talaka kunya ce: a 1997 'yan jarida a Suwidin suka yi wa sabuwar Mercedes A-Class gwajin kauce wa dabba a titi, ta kife. Mercedes ya gyara ta, ya sa mata ESP ba tare da zaɓi ba. Daga baya Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano yana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai har a rasa rai da kusan rabi. Bayan bel ɗin kujera, da wuya ka sami abin da ya kai shi.

Camry ta Amurka daga 2007 zuwa 2009 zaɓi ne, wata na da shi wata babu. Daga 2010 duka suna da shi. Don haka duba ta 2008 ɗin ma. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka duba allon gaba, ka nemi fitila mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta, ko rubutun VSC. Ya kamata ya kama, sannan ya mutu bayan an tayar.

Idan inji da bodi sun yi daidai, ni ta 2010 zan ɗauka. Sai dai kada kuɗinka su ƙare a kan mota ka hau suɗaɗɗun tayoyi. Abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce tafin hannunka ba, kuma da wannan ɗan riƙon kaɗai na'urar ke aiki. Ba ta ƙara shi ko ƙwayar zarra. Ka shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin taya, ko ruwan damina ya kwanta a titi taya ta hau kansa, ko ka yi lodin buhuna har bayan mota ya durƙusa, za ta danna birki, babu abin kamawa.

Sienna ɗina ta kunna fitilu uku tare: VSC, TRAC OFF da ta inji. Mai wayarin ya ce ba komai, zai cire ƙwan fitilar in huta. In bari? — Hajiya, Kano

Hajiya, kada ki yarda. Wannan rufe ido ne a ce gari ya yi duhu.

Idan fitilar nan mai hoton mota da layuka biyu na ƙyaftawa kina tafiya, na'urar ce ke aiki, ki sassauta. Idan ta tsaya cak, ta ajiye aiki ke nan. A Toyota da Lexus da yawa, matsalar inji kaɗai, ko da sensar hayaƙi ce, tana kunna fitilar inji, kwamfuta kuma ta kashe VSC tare da ita. Sau da yawa ana gyara ta injin sauran su mutu. Idan kuma fitilar ABS na ciki, a duba wayar sensar ƙafa. Ana yawan tsinka ta wajen canjin boris ko shokozoba. Haka nan bayan an yi alaimen, sensar sitiyari kan buƙaci a sake saita ta. Taya ɗaya da ta fi sauran girma ma tana rikita lissafin. A jona motar da kwamfutar gwaji a karanta lambar matsalar kafin a kwance komai.

Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba mota a wani garejin sayarwa. Allon gaba tas, ba fitila ko ɗaya. Da muka murɗa makulli, ta ABS da ta VSC ba su kama ba sam. Aka buɗe, sai ga baƙin salatif manne a kansu.

Akwai maɓalli mai hoton nan da OFF a ƙasa. Yaushe ake danna shi? Hanyar garinmu rairayi ne. — Direba, Nguru

Idan ka kafe a rairayi ko laka, ɗan'uwa. A nan kana son taya ta yi ta juyawa ta haƙo hanya, ita kuwa na'urar tana ganin taya na zamewa sai ta rage wuta, motar ta lafe. Danna, ka fita, ka mayar kafin ka hau kwalta. A yawancin motoci idan ka kashe inji ka sake tayarwa tana dawowa da kanta.

Golf 3 nake haya da ita. Za a iya saka mata wannan abin? — Direban haya, Funtuwa

A'a, maigida. Sai an canza famfon birki, kwamfuta, wayoyi da sensoci, sannan a yi wa lissafin saiti daidai da nauyin motar da tsawonta, aikin da a masana'anta ake yi. Wanda ya ce zai ɗaura maka, kuɗinka yake so.

Kai kuɗin wajen taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam na iya zuwa da zane raɗau alhali robar ta bushe ta tsage. Idan biyu kawai za ka iya saya, a sa sababbin a baya, ko da mai faci ya ce gaba. Idan gaba ya zame, ɗaga ƙafa daga totur kan dawo da shi. Idan baya ya zame da fasinja cike, Golf 3 ba ta da mai tare ta.