Amsa ga mai neman mausin zanen gini

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, na ga saƙonka, rubutu zai yi tsawo shi ya sa na ce bari in yi magana kawai. Ga waɗanda ba su gani ba, ya ce ya samu aiki a wani ofishin zane, wuni yake yi a kan manhajar zane ta AutoCAD, wani lokaci ta Revit, yanzu wuyan hannunsa na dama ya fara ciwo, manuniyarsa kuma tana sagewa idan yamma ta yi. Yana son maus mai maɓallan da ake saitawa, har an nuna masa wani mai maɓalli 12 a gefe. To, Allah Ya sanya albarka a aikin, Ya kuma ba ka lafiya.

Kafin mu je ga suna da kuɗi, gobe idan ka zauna aiki ka ɗan kalli hannunka. Me yatsanka yake yi? A AutoCAD, tayar nan ta tsakiyar maus ita ce komai. Ka murza ta gaba zane ya matso, ka murza baya ya yi nisa. Ka danne ta ka riƙe, ka ja zanen hagu da dama. Ka danna ta sau biyu, duk zanen ya dawo cikin allo. A Revit ka haɗa da Shift ka juya ginin. A manhajar zane ta SketchUp kuwa danne tayar kaɗai ke juya shi. Ka ga kenan mu masu zane ba murza taya kawai muke yi ba, danne ta muke yi mu riƙe, daga safe har tashi. Su kuma masu ƙera maus na gama-gari da gangan suke sa tayar ta yi tauri wajen dannawa, don kada mai karatu a intanet ya danna ta bisa kuskure yana murzawa. Wannan taurin shi ne yake cin yatsanka. Kana danne abu mai tauri, kana kuma jan hannu a lokaci guda, jijiyar tun daga yatsa har gwiwar hannu a ɗaure take. Don haka ni a wurina, tambaya ta farko ba maɓalli nawa ne da shi ba. Tambayar ita ce, yaya maɓallin tsakiya yake, kuma zan iya mayar da aikinsa wani wuri mai laushi?

Akwai kamfanin 3Dconnexion, su don masu irin aikinmu suke ƙera kaya. Mausinsu CadMouse maɓalli uku ne manya a jere a sama, na hagu, na dama, da na tsakiya mai zaman kansa, ita taya aikinta murzawa kawai. Yatsa uku kake ɗorawa, kowanne da gidansa. Idan da hali, wallahi shi zan ce ka saya in yi shiru. Amma yana da tsada, kuma ba kasafai za ka shiga shago ka gan shi a ajiye ba, sai dai a yi maka odarsa. Su ne kuma suke yin SpaceMouse, wani ɗan dunƙule da ake riƙewa da hannun hagu ana juya gini ta kowace fuska. Wannan ka bar shi tukuna, sai ranar da aikinka ya koma 3D zalla.

Wanda ka fi gani a hannun abokan aiki shi ne MX Master na Logitech, musamman 3S da ya fito a 2022. Yana cika tafin hannu, akwai wurin kwantar da babban yatsa, dannawarsa ba ƙara, ana cajinsa da USB-C, kuma kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai kwana 70, wanda ga mu da wuta ke zuwa ta tafi ba ƙaramin abu ba ne. Yana haɗuwa da kwamfuta har uku, ka sauya da maɓalli ɗaya a ƙasansa. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne manhajarsa, Logi Options+. A ciki za ka iya yi wa kowace manhaja saitinta daban, AutoCAD nata, Revit nata. Akwai ɗan maɓalli a bayan taya, akwai biyu a gefen babban yatsa. Ka ɗauki ɗaya daga ciki ka ce masa kai ne maɓallin tsakiya daga yau. Shi kenan, manuniya ta huta. Sannan tayarsa tana da yanayi biyu, mai ƙas-ƙas da mai sulɓi wanda take ta juyawa ita kaɗai. A wajen zane ka bar ta a mai ƙas-ƙas, domin idan ta sulale, kana kan ƙofar banɗaki sai ka tsinci kanka kana kallon fili gaba ɗaya. Nauyinsa gram 141 ne, kuma an yi shi don hannun dama mai ɗan girma. Mai ƙaramin hannu zai ji kamar yana miƙa yatsu.

Yauwa, ga wani abu da mutane ba sa tunawa sai sun saya. Ka tambayi ofishinku ko ana barin ma'aikaci ya sa manhaja a kwamfutar aiki. Wasu wuraren a kulle take. Saitin MX Master yana buƙatar manhajar tana aiki a kwamfutar. Idan ba a bari, to ka nemi maus mai ajiye saiti a cikinsa, irin na masu wasan gem. G502 na Logitech mai waya misali ne, maɓalli 11 ne da shi da ake saitawa. Ka saita shi a gida a kan laftof ɗinka, ka adana a cikinsa, ka kai ofis ka soka, ya tuna komai. Ba batir, ba caji. Akwai wani maɓalli daidai bakin babban yatsa, shi ma yana yin maɓallin tsakiya mai kyau. Kada fitilun da ke jikinsa su dame ka, ana kashe su.

Shi kuwa mai maɓalli 12 a gefe da aka nuna maka, irin su Razer Naga, ban ce ba shi da amfani ba, akwai masu zanen da suka saba da shi suna gudu. Amma ka tuna hannunka na hagu yana kan kibod, kuma AutoCAD ta riga ta ba ka gajerun haruffa: L layi, C da'ira, TR yankewa, CO kwafi, O ofset, wato maimaita layi a gefensa da tazara. Waɗannan sun fi sauri a kibod. Maɓallan gefen nan ƙanana ne, a cunkushe, babban yatsa ne zai riƙa lalube a cikinsu, kai kuma ciwo ka zo magancewa. Abin da ya cancanci hawa kan maus shi ne abin da ke sa ka ɗaga hannu ko ka miƙa yatsa nesa. Ni huɗu nake sawa: maɓallin tsakiya, Esc, Delete, sai F8 na miƙar da layi. Wani zai fi son F3 na kama bakin layi, ko Ctrl da Z na soke abin da aka yi. Ka fara da biyu, idan hannu ya haddace ka ƙara.

Enter ma ba sai ka ɓata maɓalli a kansa ba. A AutoCAD ka shiga Options, ka je User Preferences, akwai wurin saita dannawar dama. Ka kunna wadda ke lura da daɗewar dannawa: ka danna da sauri ya zama Enter ko maimaita umarnin baya, ka ɗan riƙe ya buɗe jerin zaɓi. Kyauta ne wannan, ko da mausin da ke hannunka yanzu. Haka idan zane yana tsalle da yawa in ka murza, rubuta ZOOMFACTOR, yana zuwa a kan 60, ka rage shi har ya yi maka daidai. Kuma wanda kuɗinsa bai kai ba, ya sayi maus mai maɓalli biyu a gefe ko na wane kamfani ne, ya sauke X-Mouse Button Control a Windows, kyauta ce, tana saita su.

Maganar DPI, wato ma'aunin saurin da kibiya ke tafiya a allo idan ka motsa maus, kada ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 8000 ko fiye a kwali. Zane ba ya buƙatar haka, tsakanin 800 da 1600 ya ishi yawancinmu, sai dai mai allo biyu manya ya ɗan ƙara.

To, batun wuyan hannu. Idan ciwon a nan ya fi tsanani, ka duba maus mai tsayuwa, wanda ake riƙewa kamar za ka gaisa da mutum. MX Vertical da Lift na Logitech duka a karkace suke digiri 57, Lift na ƙaramin hannu ne da matsakaici, har da na bahago akwai. Suna hana hannu kifewa wuni guda. Sai dai dannawarsu ta gefe ce, da farko za ka ga kibiyar tana ɗan gocewa idan ka danna, sai ka bar F3 a kunne ya riƙa kama maka bakin layi har ka saba.

Duk wanda za ka saya, ƙanena, ka riƙe shi tukuna. Manomi ba ya sayen fartanya bai jinjina ƙotarta ba. Ka je Beirut Road idan kana Kano, ko Banex idan kana Abuja, ka ce a buɗe kwali. Ka ɗora hannu a kan tebur, ba a iska ba. Tafin hannunka ya kwanta a bayansa, ƙaramin yatsa kada ya riƙa jan ƙasa. Ka danne tayar ka riƙe, ka zagaya da shi kamar kana jan zane, ka ji ko dantsenka ya ɗaure. Jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka ka tafi da laftof, ka sa manhajar kamfanin tun daga gida. Idan ka haɗa manhajar ba ta gane shi ba, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma haɗa da shimfiɗar maus mai faɗi, ka riƙa goge ta, don ƙurar hunturu tana shiga taya tana cinye ƙafafun ƙasan.

Sannan ka gyara zama. Gwiwar hannu ta yi daidai da tsayin tebur, maus kusa da jiki, kada wuyan hannu ya kwanta a kan kaifin tebur. Ka motsa hannun daga gwiwa, ba daga wuyan hannu kaɗai ba. Duk bayan ɗan lokaci ka saki maus ka miƙe yatsu, ba sai lokacin salla kaɗai ba. Kuma don Allah, idan sagewar nan tana tashinka da dare, ko ka ga abu yana suɓuce maka daga hannu, kada ka tsaya jiran sabon maus, ka je asibiti a duba jijiyar.

Ka auna hannunka daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa, ka turo mana santimita nawa ne, da abin da ka ware na kuɗi, da amsar ofishinku kan sa manhaja. Da waɗannan ukun za mu tsayar maka da guda ɗaya in sha Allahu. Wassalamu alaikum.