Na sauya Microsoft Project, kalandar aikina ta ɓace: yaya zan dawo da ita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina amfani da Microsoft Project 2007, manhajar tsara jadawalin ayyuka, inda na tsara kalandar aikinmu: kwana shida a mako, awa tara a rana, da ranakun hutu. Yanzu an saka mini Project 2019 a sabuwar kwamfuta, amma duk sabon aikin da na buɗe babu kalandar a ciki. Sai na sake tsara ta daga farko ke nan?

Amsa: Barka kadai, Malam. Kwantar da hankalinka, kalandarka tana nan. Abin da ya faru shi ne, ita kalanda a wannan manhaja wuri biyu take zama: ko dai cikin fayil ɗin aikin da aka ƙirƙire ta, ko cikin wani fayil mai suna Global.mpt, wanda duk sabon aiki ke ɗiban kayansa daga gare shi. Sabuwar manhajarka ta zo da nata Global.mpt ɗin, kuma kalanda uku kawai ke ciki: Standard, 24 Hours da Night Shift.

Wasu za su ce ka ɗauko tsohon Global.mpt ka ɗora a kan sabon. Ni ba na ba da wannan shawara. Ba kalanda kaɗai ke cikinsa ba, akwai tebura da tsarin shafuka na tsohuwar siga, kuma manhajar ta canza fuska ƙwarai daga 2010. Kalanda kake so, to ɗauki kalandar kaɗai.

Ka samo wani tsohon fayil ɗin aiki da ke ɗauke da ita, ka buɗe shi a Project 2019, zai buɗu. Shiga File, sai Info, sai Organizer, ka danna shafin Calendars. Za ka ga gida biyu, ɗaya na Global.mpt, ɗaya na fayil ɗinka. Zaɓi kalandar daga ɓangaren fayil ɗin ka danna Copy. Idan kuwa kalandar a tsohon Global.mpt take zaune, sai ka koma tsohuwar kwamfutar, ka buɗe sabon fayil, ka shiga Tools sannan Organizer, ka kwafo ta ciki, ka adana, ka kawo shi. Abu ɗaya a nan: idan Standard ɗin ka gyara ba tare da ka canza mata suna ba, manhajar za ta tambaye ka ko ta maye gurbin wadda ke nan. Ka ba ta sabon suna, ka bar Standard yadda take.

Kwafar ba ta cin minti biyar. Inda mutane ke shan wahala yana gaba.

Na farko, kalandar ta shigo amma ba ta fara aiki ba. Sai ka shiga Project, sannan Project Information, ka zaɓe ta a matsayin kalandar aikin.

Na biyu, kuma shi ne na fi so ka riƙe: adadin awannin da manhajar ke ɗauka a matsayin "kwana ɗaya" ba ya cikin kalanda, don haka bai biyo ta ba. Yana can cikin File, Options, Schedule, kuma sabuwar manhaja tana zuwa ne da awa 8 a rana, awa 40 a mako, kwana 20 a wata. Kai kuwa awa tara kake yi. Duba abin da zai faru: ka rubuta cewa aikin zuba kankare zai ɗauki kwana biyar. Manhajar za ta lissafa biyar sau takwas, awa 40. Sai ta shimfiɗa su a kan kalandarka mai awa tara: kwana huɗu sun cinye awa 36, saura huɗu. Aikin zai ƙare kafin rana ta biyar ta yi rabi, wanda ke biye da shi ya fara nan take. A aiki guda ba za ka lura ba. A jadawali mai ayyuka ɗari biyu a jere, ranar kammalawa za ta matso da makonni, ka kai wa mai aiki alkawarin da ba zai cika ba. Don haka ka mayar da awannin rana 9, na mako 54, ka gyara lokacin farawa da na tashi su dace da kalandar, kuma ka zaɓi All New Projects a saman sashen kafin ka gyara, don kada gyaran ya tsaya a fayil ɗaya. Ka yi wannan tun kafin ka shigar da ayyuka.

Sannan Organizer ba ya ɗaukar kalandar mutum ɗaya ko inji ɗaya. Hutun da ka saka wa wani ma'aikaci shi kaɗai yana manne da sunansa a tsohon fayil. A sabon aiki, ka leƙa Resource Sheet, wato jerin ma'aikata da injuna, ka tabbata Base Calendar ɗin kowa, wato kalandar da yake bi, yana nuna kalandarka, in ba haka ba za su ci gaba da hutawa ranar Asabar alhali aikin yana jiransu.

Ka kuma buɗe Change Working Time ka bi ranakun hutun ɗaya bayan ɗaya. Hutun da ke maimaituwa duk shekara yana da ranar da aka ce ya tsaya, kuma a kalandar da ta kwana biyu irin taka, mai yiwuwa wa'adin wasu ya riga ya wuce.

Kafin ka yarda da ita, gwada: saka aiki ɗaya na kwana shida ya fara ranar Litinin da safe, a makon da babu hutu. Idan ya ƙare ranar Asabar da yamma, daidai lokacin tashi, komai ya zauna.