Amsoshin Tambayoyinku: Nawa Ke Riƙe Mutum a Berlin?

*Yaya, assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'ar gwamnati a Berlin, babban birnin Jamus. Baba ya sayar da fili don ya zuba kuɗin da ake nema kafin a ba da biza. An ce mini karatun kyauta ne. Kuɗin nan zai kai ni shekara, ko sai an ƙaro? Ƙaninki daga Zariya.*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka, ya saka wa Baba da alheri. Tunda fili aka sayar, ba zan ɓoye maka komai ba.

Tun watan Satumba na 2024, abin da ake so ɗalibi ya ajiye a kullallen asusu shi ne Yuro 11,904, ana sakar maka 992 duk wata. In ka juya shi zuwa Naira sai ka ga kamar ka yi arziki. Daina juyawa, domin da Yuro za ka kashe shi. Gaskiya ne jami'o'in gwamnati a Berlin ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma akwai kuɗin zango da ya ɗan haura Yuro 300 duk wata shida, kuma a yawancinsu har da tikitin jirgin ƙasa da bas a ciki. Inshorar lafiya dole ce, wajen 140 a wata ga ɗalibin da bai kai shekara 30 ba. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a kan kowane gida, ko da ba ku da akwatin kallo.

Wanda zai cinye ka shi ne ɗaki. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, inda ku uku ko huɗu za ku raba kicin da banɗaki, yanzu yana kai 600, wani ma ya wuce. Cire shi daga 992, ka cire inshora da kuɗin zango da na waya, abin da zai rage maka na cefane da wuya ya kai 200. Zai isa idan kai ne mai girkinka. Idan ka saba da sayen na waje, tun kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe.

Don haka, yau ɗin nan, kafin ma biza ta fito, ka sa sunanka a layin ɗakunan hukumar kula da ɗalibai ta Berlin. Sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai layin na da tsawo, wani kan shekara yana jira. Kuma kada ka dage sai tsakiyar gari. Unguwanni irin su Marzahn da Spandau sun fi Mitte ko Kreuzberg rangwame, jirgi kuma na kai ko'ina.

Wata biyun farko su ne masu zafi. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai na hayar wata uku. Mutane da yawa ba su san cewa dokar nan ta ba ka damar biyansa kashi uku ba, sai su je su ci bashi. Sannan asusun naka ba ya buɗewa ranar da ka sauka, sai ka buɗe asusun banki a can tukuna, kuma sau da yawa banki zai nemi takardar rajistar adireshi, wadda suke kira Anmeldung. Ita kuma sai mai gida ya sa maka hannu. Duk ɗakin da aka ce ba a rajista da shi, komai araharsa, ka bar shi. Ka taho da aƙalla Yuro 1,500 na daban a hannu. Kuma ina roƙonka, kada ka tura wa kowa ko sisi a kan ɗakin da ba ka gani ba. Masu cewa suna ƙasar waje, za su aiko da makulli in an biya, 'yan damfara ne, kuma baƙi irinka suke farauta.

Abu ɗaya da ya taɓa kama ni: kuɗin ɗumama ɗaki da kake biya cikin haya ƙiyasi ne kawai, a ƙarshen shekara ake lissafin gaske. Hunturuna na farko na riƙa barin na'urar ɗumama a kunne dare da rana, taga kuma a ɗan buɗe don iska ta shigo kamar yadda muka saba a gida. Da takardar ciko ta zo, na zauna a bakin gado da ita a hannu na kasa tashi, sai da na yi wata uku ina biya. Buɗe taga gaba ɗaya na minti biyar, ka rufe, ka sa rigar sanyi a cikin ɗaki.

Doka ta ba ɗalibi damar aiki kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, mafi ƙarancin albashi kuma Yuro 12.82 ne a awa a 2025. Da aikin kwana biyu a mako za ka numfasa. Amma ka gaya wa mutanen gida tun yanzu cewa shekarar farko ba ta aike ba ce.

*Hajiya, an ɗauke ni aikin jinya a wani asibiti a Berlin. Ina da mata da yara biyu. Mu tafi tare ko in fara yin gaba? Daga Maraɗi.*

Malam, ka fara yin gaba. Albashin da ke rubuce a takardarka ba shi zai shigo hannunka ba, haraji da inshorar lafiya da ta fansho za su ɗauke wajen kashi ɗaya cikin uku. Gida mai ɗaki uku kuwa, ranar dubawa za ka tarar da mutane har kan matakala, kowa riƙe da takardun albashinsa na wata uku da shaidar ba a binsa bashi. Kai sabon zuwa ba ka da ko ɗaya. Ka yi wata shida, ka tara takardun, ka tambayi asibitin ko suna da gidajen ma'aikata.

In iyali sun iso, akwai sauƙi ta wani gefen. Tun 2018 gidan renon yara kyauta ne a Berlin, kuɗin abinci kawai ake biya, kuma ma'aikaci kan samu tallafin yara, Yuro 255 a kan kowane yaro a 2025. Sai dai gurbin reno ma layi ne, ka nema da wuri.

*Anti, me zan ɗauko daga gida, me zan bari sai na je? Ɗiyarki daga Kano.*

'Yata, rigar sanyi da takalmi bari sai kin je, na kasuwarmu ba sa tare sanyin Janairu, kuma shagunan gwanjo na can suna da masu kyau. Shinkafa, mai da madara ki saya a manyan shagunan Aldi ko Lidl, amma ki tuna ranar Lahadi shaguna a rufe suke. Naman halal na wajen mahautan Turkawa da Larabawa a unguwannin Neukölln da Wedding, kayan miya kuma a kasuwar Maybachufer ranar Talata da Juma'a, musamman dab da tashi lokacin da suke karya farashi. Doya da manja akwai su a shagunan 'yan Afirka, da tsada.

Ki cika jakarki da garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure su da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki bar su, an hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje, a filin jirgi za a ƙwace, wataƙila har da tara. Ki faɗa wa Umma tun kafin ta aika a sayo.