Wane irin dankalin turawa zan sa a ɗan lambun gida?

Ka tambaye ni, ɗana, wane iri za ka shuka a ɗan filin nan na bayan gida a Mai Wurno, nan ƙasar Sudan, kuma wanne ya fi daɗi a tukunya. To, kafin ka zaɓi suna, ƙirga kwanakin sanyinka. Dankalin turawa, wanda Larabawan nan ke ce wa baɗaɗis, ba ya yin 'ya'ya sai dare ya yi sanyi. Idan zafin ƙasa ya doshi digiri 30, ganye kawai zai yi ta yi, ƙarƙashi babu komai. Shi ya sa aka fi noma shi a arewacin Umdurman lokacin hunturu, da kuma kan tsaunin Jabal Marra a Darfur. Mu nan yankin Sinnar sanyinmu gajere ne, don haka a watan Nuwamba ake shuka, a haƙa a Fabrairu ko farkon Maris. Wanda ya kai tsakiyar Disamba bai shuka ba, zafi zai riske shi tun 'ya'yan ba su wuce ƙwan zabo ba.

Saboda haka ni Spunta zan ba ka a gaba. Irin ƙasar Holan ne, dogo, fatarsa rawaya-rawaya, yana yin manyan 'ya'ya, kuma cikin kwana 100 zuwa 110 ya gama. Aibinsa ruwa: idan aka soya shi yana shan mai ya yi laushi, ba ya kuma jure ajiya. Amma a dam'a, miyar albasa da tumatir ta mutanen Sudan, ko miyar nama ba ya narkewa, yana riƙe yankansa. Diamant kuwa ya fi shi gari a ciki, shi ne na suya, bayansa ya yi ƙaras-ƙaras cikinsa ya yi taushi, ya kuma fi daɗewa a ɗaki. Sai dai yana ɗan jinkirin nuna, don haka shi za ka fara binnewa. Akwai Desiree mai jar fata, yana jure ƙishi, ya dace da dafawa a dama da man shanu. Alpha da manoman Sudan suka daɗe da saninsa yana ajiyuwa sosai, amma tsawon kwanakinsa ya fi ƙarfin sanyinmu. A kunya biyar, ba Spunta uku, Diamant biyu.

Kada ka sayi na miya a kasuwa ka ce iri ne. Sabon haƙa barci yake yi, sai ya yi wata biyu ko uku bai tsira ba, ruɓewa zai yi a ƙasa. Wanda aka yi ta maimaita shukarsa shekara da shekaru kuma yana ɗauke da cutar da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, za ka ga ganyen ya nannaɗe, 'ya'yan sun ƙanƙance. Nemi iri mai girman ƙwan kaza, ka baza shi a inuwa mai haske har idanunsa su fito da tsiro gajere mai kauri. Dogon farin tsiro na duhu ne, karyewa yake yi. A zafin nan gara ka shuka shi ɗungurungum; in dole sai ka yanka, kowane yanki ya samu ido biyu, a bar shi kwana biyu yankan ya bushe.

Ƙasar bakin kogi mai laushi yake so. Baƙar laka mai tsagewa tana matse shi ya fito a murguɗe, sai ka gauraya ta da yashi da takin shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kada ka sa shi inda aka cire tumatir, gauta ko barkono, dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Tsakanin kunya da kunya santimita 70, tsakanin iri da iri 30, zurfi 10, tsiro na kallon sama. Kunya biyar masu tsawon mita 6 za su ci iri 100, kimanin kilo 5 zuwa 6 ke nan.

Wajen ban ruwa da huɗa ne yawanci ake yin asara. Ka shayar da ƙasa kafin shuka, sannan duk bayan kwana 5 zuwa 7, ruwan ya tsaya a rabin kunya, kada ya hau kanta. In ka bar shi ya yi ƙishi sannan ka cika masa ruwa, 'ya'yan za su tsage, wasu su yi ƙulu-ƙulu, manyan kuma su yi rami a tsakiya. Idan tsayinsa ya kai taƙi guda, ka tura masa ƙasa har wuya, ka sake bayan mako biyu. Duk ɗan da rana ta gani zai koma kore, koren nan kuwa ɗaci gare shi da dafi, ba a ba yara. Ta tsagar ƙasa kuma wata 'yar malam-buɗe-littafi ke shiga ta yi ƙwai, tsutsarta ta huda dankalin, don haka duk tsagar da ka gani ka rufe ta. A takin zamani, yuriya kaɗan ta isa, lokacin huɗar farko. In ta yi yawa, ganye zai yi shar, ka haƙa ka samu ƙalilan.

Da ganye ya fara rawaya, ka ɗauke ruwa, ka yanke ganyen, ka jira kwana 10. Tono ɗaya ka murza fatar da babban yatsa: in ta saɓule, da saura. Haƙa da sassafe, daga gefen kunya, kada ka wanke, kada ka bar shi a rana. Wanda fartanya ta sara a dafa shi a ranar. Sauran a shimfiɗa a ɗaki mai duhu da iska, ba cikin leda ba, a fara cinye Spunta kafin a taɓa Diamant.